Maganin Ɗanmusa

Kan Ɗanmusa ya sake zamewa daga kafaɗarta ya bugi gilashin mota. Saude ta tallabo shi da hannu biyu ta mayar. Numfashi yake ja mai zurfi, da sauri da sauri kamar wanda ya sha gudu, alhali tun da aka ɗauko shi daga Yargalma ko ƙafa bai motsa ba. Bakinsa na fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na mangwaron da ya fara ruɓewa.

"Malam," ta ce a kunnensa. "Malam, kana ji na?"

Ya buɗe ido, amma ba ita ya duba ba. "A ba su ruwa," ya ce. "Yaran ga ƙishi suke ji."

Babu yaro ko ɗaya a motar. 'Yarsu Muhsina tana gida wurin kakarta. Mas'ud, ƙanen Ɗanmusa, malamin makaranta a Gummi da ya zo ganin gida jiya, ya waigo daga kujerar gaba. Suka haɗa ido da Saude, kowa ya kau da kai. Abin da ke ransu ɗaya ne, kuma babu mai son ya riga furta shi.

"Direba, ka ƙara wuta don Allah," in ji Mas'ud.

A shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyensu, Ɗanmusa yana da injin niƙa a tsakar gida, yana niƙa wa masu haƙar zinari dutse. A cikin ƙurar injin nan 'ya'yansu Halilu da Zubaida suka yi rarrafe, suka yi wasa, kuma a bazara ɗaya aka binne su. Bayan 'yan watanni ya fara jin muryoyinsu suna kiransa daga ƙarƙashin ƙasa. Wata rana da tsakar rana aka same shi cikin tsohon ramin haƙa yana tonon ƙasa da farce, hannuwansa duk jini. Da ƙyar maza suka fito da shi, aka sa masa mari a zaure. Saude ce take kai masa abinci, yana kallonta yana tambayarta ko ita wace ce.

Mas'ud ne ya kai shi wani asibitin kuɗi a Gusau, aka rubuta masa 'yar ƙaramar ƙwaya, guda ɗaya kowace yamma. Kafin wata ya zagayo ya fara barci. Aka cire marin. Ya koma gona, ya koma masallaci, ya yi ƙiba har rigunansa suka matse shi, mata suna tsokanar Saude wai me take dafa masa haka. A cikin wannan zaman lafiya aka haifi Muhsina. Shekara huɗu ke nan Saude ba ta taɓa bari rana ta faɗi ba tare da ta miƙa masa ƙwayar da hannunta ba.

Sai a bazarar nan ƙishirwa ta kama shi. Ya sha ruwa, ya ɗauki buta, ya dawo ya sake sha. Ƙibar ta fara zubewa, wandonsa na saɓulewa. Ta ɗauka zafi ne, don kowa a garin ƙishirwa yake ji. Da ya ce ba shi da ƙarfi sai ta riƙa dama masa fura da sukari mai yawa, tana sayo masa lemon kwalba. Yau da safe ya yi amai, ya faɗi kusa da randa.

Motar ta shiga ƙofar asibitin Anka. Rabon Saude da ƙofar nan tun ranar da ta shigo da Zubaida goye a bayanta tana sanƙarewa. Ta runtse ido har sai da motar ta tsaya.

Wata nas ta soki yatsan Ɗanmusa ta ɗiga jinin a kan wata 'yar na'ura. Ta duba, ta girgiza na'urar, ta sake sokar wani yatsan. Daga nan ta leƙa baranda ta ƙwala wa likita kira da ƙarfi. Nan da nan aka kewaye gadon. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu biyu, aka kawo allura, aka ce su Saude su fita waje.

Ta tsaya jikin bango tana leƙe ta taga. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba kafin likitan ya fito. Matashi ne siriri, Likita Lirwanu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ke ce matarsa?"

"Ni ce, Likita." Ta matso kusa da shi. "Ciwonshi ne ya dawo, ko? A mota yana ta maganar yara."

"Wane ciwo?"

Ta dubi Mas'ud. Shi ya amsa a hankali: "Ya taɓa samun taɓin hankali."

"Abin da na gani yanzu ba wannan ba ne," in ji likitan. "Sukari ne ya yi masa yawa a jini, har na'urarmu ta kasa nuna iyakarsa. Idan ya kai haka, mutum yakan ruɗe ya yi ta sambatu. Jikinsa ya bushe ƙwarai. Muna ƙoƙari, amma ba zan ɓoye muku ba, yana cikin haɗari. Akwai mai ciwon sukari a danginku?"

"Babu," in ji Mas'ud.

"Me yake ci, me yake sha a 'yan kwanakin nan?"

Saude ta faɗa masa. Tana faɗi tana jin muryarta na ƙanƙancewa, don ta ga yadda fuskarsa ta canza da ta ambaci lemon.

"Ba ki sani ba ne," ya ce. "Yana shan wani magani?"

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kwalin. Likitan ya juya shi ya karanta.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"A can inda ake ba shi, sun taɓa ɗibar jininsa? Sun taɓa ɗora shi a sikeli?"

"Sau ɗaya likita ya gan shi sosai, ranar farko," in ji Mas'ud. "Daga nan in munka je, sai a tambaye shi yana barci, ya ce yana yi, a sabunta kati a ba mu magani."

"Sun ce muku ku kula da ƙiba, ko yawan ƙishirwa da fitsari?"

Saude ta girgiza kai. "Da ya yi ƙiba cewa sunka yi alamar samun sauƙi ce."

Likita Lirwanu ya sauke numfashi. "Maganin nan olanzafin ne. Yana aiki, kun ga shaida da idonku. Amma an daɗe da sanin yana sa ƙiba, kuma yana iya jawo ciwon sukari ga wasu. Shi ya sa ake auna jinin mai shan sa lokaci zuwa lokaci. Ba zan rantse cewa shi kaɗai ya jawo wannan ba. Abin da na sani, da an auna, da an gani tun kafin a kai ga haka."

Mas'ud ya fizge kwalin daga hannun likitan. Idanunsa sun yi ja. "Guba ce ke nan anka ba mu! Ni na kai shi da ƙafata. Wallahi ya gama shan abin ga." Ya nufi kwandon shara da ke ƙarshen baranda.

Saude ba ta san lokacin da ta cim masa ba. Ta riƙe hannun rigarsa gam, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansu.

"Ba ni."

"Yaya Saude, ba ki ji mi likita ya ce ba?"

"Na ji. Ba ni." Ba ta saki rigar ba. "Kai kana Gummi. Ni ce nike shiga zauren nan. Ni ya ɗaga ma turmi ranar da ya ce na ɓoye mishi ɗiya. Ba ka san mi za ya dawo ba in ya daina."

Mutanen da ke zaune a benci suka zuba musu ido. Likitan ya shiga tsakaninsu ya karɓi kwalin.

"Kada a jefar, kuma kada wani ya yanke hukunci shi kaɗai," ya ce. "Yau ba zai sha ba, don jikinsa ba zai ɗauka ba."

"Yau ba za ya sha ba?" in ji Saude.

"Yana hannunmu, muna kallonsa. Zan yi magana da likitan ƙwaƙwalwa a Kware. Akwai wasu magungunan da ba su cika taɓa sukari kamar wannan ba, a hankali ake sauyawa."

"In anka sauya, ba za ya koma ba?"

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Ya koma ciki. Saude ta zauna a ƙasa inda take, ta jingina da bango. Tsoro biyu ne suka sa ta tsakiya. Idan ta rufe ido sai ta ga makara, idan ta buɗe sai ta ga zauren da marin. Tana ta tuna hannunta, yadda take ɓallo ƙwayar ta ɗora masa a tafi, yadda take zuba sukari a ƙwarya tana jin daɗin ya shanye.

Bayan azahar Mas'ud ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Fushinsa ya sauka, ya bar masa wata irin gajiya a fuska.

"Ki yi haƙuri da ɗazu," ya ce. "Na kira wata lauya a Gusau, Barista Asma, yayar wani abokin aikina. Tana ofishin da ke taimakon marasa ƙarfi a shari'a. Ta ce tana son ta ji daga bakinki."

"Ni mi na sani game da kotu?"

"Ki dai saurare ta."

Suka koma gindin wani dogonyaro a bayan ɗakin marasa lafiya, ya buɗe muryar wayar. Barista Asma ta yi musu jaje, ta yi wa Saude kusan tambayoyin da likita ya yi, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba. Sannan ta yi bayani dalla-dalla.

"Ba laifi ba ne likita ya rubuta maganin nan," ta ce. "Inda magana take shi ne ko an gargaɗe ku, kuma ko an bi lafiyarsa yadda ya kamata. Idan ba a yi ba, a doka sunansa sakaci. Kuna iya kai ƙorafi ga hukumar da ke ba likitoci lasisi, ita za ta binciki likitan, tana iya hukunta shi, amma ba ta biyan diyya. Idan diyya kuke nema, sai babbar kotu. Wani lokaci kuma asibiti kan nemi a yi sulhu kafin a kai can."

"Kamfanin da ya yi maganin fa?" in ji Mas'ud.

"Wannan doguwar hanya ce, ban ba ku shawarar ku fara da ita ba. Za su ce sun rubuta gargaɗi a takardar cikin kwali."

"Da Turanci," in ji Mas'ud.

"Da Turanci. Shi ya sa nauyin bayani yake kan wanda ya rubuta maganin. Ku adana katinsa da kwalayen da suka rage, ku roƙi likitan nan ya rubuta abin da ya gani yau. Za a buƙaci wani likita ya tsaya ya ba da shaida, kuma samun wannan ba sauƙi. Shari'ar tana iya daɗewa, tana iya faɗuwa. Kada kuma ku yi jinkiri da yawa, doka tana da wa'adi." Ta sassauta murya. "Malama Saude, akwai abin da nake so ki sani tun yanzu. Mijinki ne mai ƙara, ba ke ba, ba Mas'ud ba. Idan yana cikin hankalinsa, sai ya yarda. Kuma a kotu komai za a faɗa a bainar jama'a. Lauyan asibiti zai tono ciwonsa tun daga farko, zai ce maganar mai taɓin hankali ba abin kamawa ba ce."

Tunanin Saude ya koma gida. Sai kwanan nan yaran unguwa suka daina leƙen zaurensu. Sai bara aka fara ba Ɗanmusa ajiyar hatsi kamar da. Ta tuna Muhsina, da sunan da za a riƙa kiranta da shi idan ta fara zuwa makaranta.

"In munka kai su ƙara," ta ce, "wa za ya riƙa ba mu magani?"

"Asibitin gwamnati. Ba su da ikon hana shi magani don ya nemi haƙƙinsa."

"To, Barista. Mun gode. Bari dai ya tashi."

"Allah ya tashi kafaɗarsa," in ji lauyar.

Mas'ud ya kashe wayar. Har lokacin babu wanda ya san ko Ɗanmusa zai tashi.

Saude ta yi la'asar a baranda, ta kasa tuna ko raka'a nawa ta yi. Sau biyu ana fitowa da gado a guje daga ɗakin, sau biyu tana miƙewa, sai ta ga ba shi ba ne. Rana ta yi sanyi sosai kafin nas ɗin nan ta leƙo ta yafito ta.

Idonsa biyu. Leɓɓansa sun tsattsage, idanun sun faɗa, amma numfashin ya daidaita. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta kasa matsawa. Jira take ta ji abin da zai fara faɗi.

"Saude," ya ce. "Ina Muhsina?"

Sai ta zauna a bakin gadon ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu kanta ta ce, "Tana wurin Inna."

"Ina ne nan?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta faɗa masa sukarin, da abin da likita ya ce game da ƙwayar, da allurar ciwon sukari da wataƙila zai riƙa yi kullum. Mas'ud ya shigo ya tsaya a kansa yana ƙara bayani. Ɗanmusa yana saurare yana kallon ledar ruwan da ke ɗiga.

"Hana ni maganin za su yi?" ya tambaya.

"Sauya maka za a yi."

Ya kama gefen katifa da yatsunsa. Saude ta ga tsoron a idonsa, irin nata sak. Ashe duk shekarun nan shi ma da shi yake kwana.

"Ku gaya ma likita," ya ce, "in ya ga na fara, a ɗaure ni nan. Kada a maishe ni gida wurin yarinyar."

"Ba za a kai ga haka ba, Yaya," in ji Mas'ud. Sannan ya kawo maganar lauya. Ya faɗi hanyoyin kamar yadda ta faɗa, bai ɓoye maganar tonon asiri ba.

Ɗanmusa ya lumshe ido, har Saude ta ɗauka barci ya koma.

"Mahaukaci za su ce," ya ce a ƙarshe. "To, ai garin duka sun gan ni cikin ramin nan. Ba sabon labari ba ne." Ya lashi leɓe. "Ku bar ni in samu ƙarfi. In lauyar ta zo, ni zan yi magana da ita, ba kai ba. Kun daɗe kuna magana a kaina ina zaune."

Mas'ud ya sunkuyar da kai. "To, Yaya."

"Amma akwai abin da ba ya jira." Ya juyo da kai wajen Saude. "Sharu na Duza. Benci ɗaya muke zama a Gusau, kwalinmu iri ɗaya. Ni na nuna mishi asibitin. Ki kira matarshi."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ta karɓi wayar Mas'ud ta fita. Ta san Yalwa, matar Sharu, sun sha haɗuwa a mota ranar karɓar magani, kowace da mijinta a gefe, ba sa yawan magana don babu abin da ɗaya za ta gaya wa ɗaya wanda ba ta sani ba. Sai da wayar ta yi ta ringi kafin a ɗauka. Ana jin ƙarar daka da kukan awaki a bayanta.

Suka gaisa. Saude ta ce daga asibitin Anka take kira, ta fara bayani, tana zaɓen kalmomi. Ba ta kai rabi ba Yalwa ta tare ta.

"Saude, in dai maganar maganin ga ce, don girman Allah kada ki gaya mini. Kin san yadda muke kafin shi. Yanzu muna barci. Ɗiyana sun daina gudu in ubansu ya shigo."

"Na sani."

"To, mi kike so in yi?"

"Ban ce ki daina ba shi ba. Kada ki daina, ko na rana ɗaya, sai likita ya ce. Ki dai kawo shi a soki yatsanshi a duba. Ɗigo ɗaya ne."

"In anka duba anka samu fa?"

Saude ta waiga ta taga. Nas tana sauya ledar ruwa, Ɗanmusa ya miƙa mata hannu da kansa.

"In anka samu, kin kawo shi da ƙafafunshi," ta ce. "Ni a kwance na kawo nawa."

Dakan da ake yi a can ya tsaya. Saude ta ji numfashin Yalwa a cikin wayar, ta jira.

"Da safe suna dubawa?" in ji Yalwa.

"Suna dubawa. Kada ya karya kafin ku taho. Za ki same ni a bakin ƙofa."